Yadda ake bin diddigin labarin yaƙi ko yarjejeniya a tarihin duniya

Duk wanda ya zauna karanta tarihin wani yaƙi ko wata yarjejeniya tsakanin ƙasashe ya kamata ya riƙe a ransa cewa labarin da ke hannunsa wani ne ya tsara shi, kuma mai tsarawar yana da abin da yake so a gani da abin da yake so a manta. Ba lallai ne ya yi ƙarya ba, domin sau da yawa zaɓen abin da za a faɗa ya isa ya karkatar da labari. Akwai 'yan tambayoyi da mai karatu zai riƙa yi wa kowane littafi domin ya gano inda aka karkata.

Ka fara da duba ranar da marubucin ya ce al'amarin ya soma, domin daga nan ake gane wanda za a ɗora wa laifi. Yawancin littattafan Turai suna fara Yaƙin Duniya na Biyu daga 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta afka wa Poland. Mutumin Sin kuwa ya daɗe cikin yaƙi kafin wannan rana, domin faɗansu da Japan ya ɓarke gadan-gadan tun watan Yulin 1937, kuma tun 1931 Japan ta mamaye Manchuria. Habasha ta ga sojojin Mussolini, shugaban Italiya, a watan Oktoban 1935. A Rasha an fi ƙirga yaƙin daga 22 ga Yuni 1941, lokacin da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet hari, kuma wannan ƙirga tana tsallake shigar sojojin Sobiyet gabashin Poland a ranar 17 ga Satumba 1939. Saboda haka idan littafi ya ba ka ranar farawa, ka koma baya da shekaru biyar ko goma ka ga abin da aka bari a waje.

Bayan haka sai ka nemi abin da ɗaya ɓangaren ya rubuta, kuma wannan shi ne aikin da ya fi kowanne cin lokaci. Wajen shekara ta 1274 kafin haihuwar Annabi Isa, Fir'auna Ramses na Biyu ya gwabza da Hittiyawa, masu daula a yankin Turkiyya ta yau, a Kadesh, cikin ƙasar Siriya ta yau. Da ya koma Masar sai ya sa aka sassaƙa labarin a bangon wuraren ibada na Karnak da Luxor da Abu Simbel, inda aka nuna shi yana tarwatsa abokan gaba kusan shi kaɗai. Wanda ya tsaya ga waɗannan bangaye zai ɗauka Masar ta yi gagarumar nasara, alhali birnin Kadesh bai fita daga hannun Hittiyawa ba, kuma bayan kimanin shekara goma sha biyar sai ga daulolin biyu sun ƙulla sulhu a matsayin tsara da tsara. A nan akwai dabara mai amfani ga kowane yaƙi: idan ɓangarori biyu duk suna iƙirarin nasara, ka duba wanda ya ci gaba da riƙe ƙasar da aka yi faɗa a kanta bayan ƙura ta lafa.

Idan yarjejeniya ce, kada ka wadatu da taƙaitawar da wani ya yi, ka nemi sanin ko an rubuta ta da harsuna biyu, kuma ko kwafin biyu sun yi daidai. A watan Mayun 1889 Sarki Menelik na Biyu na Habasha ya sa hannu a yarjejeniyar Wuchale da Italiya. Sashe na 17 a kwafin Amharik ya ba shi damar neman taimakon Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe idan ya ga dama, amma kwafin Italiyanci ya mayar da hakan wajibi, kuma a kan wannan Italiya ta shelanta wa Turai cewa Habasha ta shiga ƙarƙashin kariyarta. Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar a 1893, rikicin ya kai ga yaƙin Adwa a ranar 1 ga Maris 1896, inda aka murƙushe sojojin Italiya, kuma a watan Oktoba na wannan shekara Italiya ta amince da 'yancin Habasha. Wanda ya karanta kwafin Italiya kawai zai ɗauki Menelik a matsayin mai saɓa alkawari.

Abu na gaba yana da sauƙi ƙwarai, amma mutane da yawa ba sa yin sa: ka buɗe shafin farko ka ga shekarar da aka buga littafin, sannan ka bincika ko an buɗe takardun sirrin gwamnatocin da abin ya shafa bayan wannan shekara. Tarayyar Sobiyet ta musanta ɓoyayyen sashen yarjejeniyarta da Jamus ta Agustan 1939, wanda ya raba gabashin Turai tsakaninsu, har zuwa Disamban 1989. Kisan 'yan Poland kimanin 22,000 da aka yi a 1940, wanda aka fi sani da kisan Katyn, ta ɗora shi a kan Jamus har zuwa Afrilun 1990. Amurka ma tana da nata. Bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba a Oktoban 1962, abin da duniya ta ji shi ne shugaban Sobiyet Khrushchev ya ja da baya saboda tsayuwar dakan Shugaba Kennedy. An ɓoye cewa Robert Kennedy, ƙanin shugaban, ya tabbatar wa jakadan Sobiyet, Anatoly Dobrynin, cewa za a kwashe makamai masu linzami na Amurka samfurin Jupiter daga Turkiyya, kuma an kwashe su a 1963. Littafin da aka rubuta kafin waɗannan bayanai su fito yana iya zama na gwanin marubuci mai gaskiya, amma rabin labari ne ya samu.

Game da alƙaluma, ka yi hattara da adadi guda ɗaya da aka bayar babu shakka a ciki, musamman a tsofaffin yaƙe-yaƙe. Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya ce sojojin ƙasa na Sarki Xerxes na Farisa da suka nufi Girka sun kai 1,700,000, adadin da masana na yau ba su yarda da shi ba, ko don matsalar ciyar da irin wannan runduna da shayar da ita a kan hanya.

Labarai masu ban al'ajabi, waɗanda suka fi yawo a intanet, suna buƙatar tambayoyi biyu: shin abin ya faru, kuma me aka yanke daga cikinsa? Maganar gajartar Napoleon ba ta tsallake tambayar farko ba, domin tsawonsa ya kai kimanin santimita 168 zuwa 170, wanda ba gajarta ba ce ga namijin Faransa na zamaninsa. Ruɗanin ya zo ne daga ma'auni: incin Faransa da aka auna shi da shi ya fi na Ingila tsawo, masu zanen barkwanci na Ingila kuma suka ƙara wa abin gishiri. Yaƙin Ingila da Zanzibar na 27 ga Agusta 1896 kuwa ya faru da gaske, kuma bai wuce minti 45 ba, shi ya sa ake ambatonsa kamar abin dariya. Abin da ake yankewa shi ne mutum kimanin 500 aka kashe ko aka jikkata a ɓangaren Zanzibar, cewa dalilin faɗan shi ne hawan Khalid bin Barghash gadon sarauta ba da yardar Ingila ba, kuma cewa ikon da Ingila ta yi taƙama da shi ya samo asali ne daga yarjejeniyarta da Jamus ta 1890, wadda a cikinta Ingila ta miƙa wa Jamus tsibirin Heligoland. Khalid ya tsere zuwa ofishin jakadancin Jamus, daga nan Jamusawa suka tsallakar da shi zuwa yankin da suke mulka a gabashin Afirka.