Daren da ake kunna wuta a gonaki: ga wanda ya zo aikin gona a karkarar Faransa

Ɗan'uwa, idan aikin gona ne ya kawo ka karkarar Faransa, kuma ka sauka a watan Maris ko Afrilu, kada ranar da kake gani da azahar ta ruɗe ka. A gida wannan ne lokacin da zafi ke gasa mutane a Damagaram da Maraɗi da Sakkwato, kowa na neman inuwa. A nan kuwa kana iya cire rigar sanyi da ƙarfe biyu na rana har gumi ya karyo maka, amma kafin asuba ruwan da ka bari a bokiti a waje ya daskare. Sababbin zuwa da dama da zarar sun ga itatuwa sun yi fure sai su tattara kayan sanyi su cusa a ƙasan akwati. Masu gona kuwa a wannan lokacin ne barci ke ƙaurace musu.

A tsakiyar hunturu itacen tuffa ko na abiriko ko kurangar inabi a sandare yake, babu ganye babu toho, sanyi mai tsanani ba ya yi masa komai. Da zarar ɗumi ya fara shigowa sai ruwa ya motsa a jikinsa, ya yi huda, ya yi fure, sannan ya ɗaura 'ya'ya ƙanana. Daga nan ya zama mai rauni. Furen da ya buɗe yana mutuwa idan sanyi ya kai wajen digiri 2 zuwa 3 ƙasa da sifili, ɗan da aka fara ɗaurawa kuwa ko digiri 1 ƙasa da sifili na iya kashe shi. Dare ɗaya ya isa, wani lokaci ma awa biyu. Kuma itace ba ya sake yin fure a shekarar. Kamar manomin gero ne da ruwa ya ɗauke masa bayan shuka ta tsiro, sai dai shi yana iya sake shuka idan da sauran damina, mai lambun abiriko kuwa sai baɗi.

Abin da ya faru a 2021 har yanzu yana bakin manoma. Ƙarshen watan Maris na shekarar an yi zafin da ba a saba gani ba, itatuwa suka yi gaggawar toho. Sai ga iska mai sanyi daga arewa a daren 6 zuwa 8 ga Afrilu, a wurare da dama sanyi ya kai digiri 6 zuwa 7 ƙasa da sifili. Gonakin inabi na Bourgogne da kwarin Loire da kudancin ƙasar sanyi ya ƙone su, lambunan abiriko da ceri da pesh na kwarin kogin Rhône, wajen Drôme da Ardèche, wasu ba su tsira da komai ba. Ministan noma na lokacin, Julien Denormandie, ya ce mai yiwuwa wannan ce masifar noma mafi girma tun shigowar wannan ƙarni, firaminista Jean Castex kuma ya sanar da tallafin Yuro biliyan 1. An yi makamancinsa a Afrilun 2017, an sake taɓawa a 2022. Saboda haka idan ka ga mai gona yana duba wayarsa sau goma a yini, fuskarsa a murtuke, ba da kai yake ba. Hasashen Météo-France, hukumar yanayi ta ƙasar, yake bi, da na'urorin auna sanyi da ya kafa a cikin gona.

Kai ma ka koyi karanta dare, abin ba wuya. Daren da sama ta yi garau, taurari tar, iska ta kwanta ɗif, shi ne daren haɗari. Ɗumin da ƙasa ta tara da rana yana tserewa sama tunda babu girgijen da zai tare shi, iska mai sanyi kuma ta fi nauyi, sai ta gangara ta taru a kwari da ƙasan gangare. Shi ya sa za ka ga layin itatuwan da ke kan tudu lafiya lau, na ƙasa sun yi baƙi, a gona ɗaya. Daren da aka yi hadari ko iska na kaɗawa yawanci ana kwana lafiya. Tsofaffin ƙauye za su ce maka jan wata ne, wato watan da ke tsayawa bayan bikin Ista, wanda suke kira lune rousse, wai shi ke ƙona toho. Wata ba ruwansa. Ganinsa ƙal a sama alama ce kawai ta cewa babu girgije. Sanyin kuma ya fi tsanani dab da fitowar rana, daidai lokacin sallar asuba da ɗan bayanta.

To ga yadda daren yake idan an kira ka. Tun da rana za a sa ku jera gwangwanaye a tsakanin layukan itatuwa, kowanne cike da kakin kyandir, da murfinsa, nauyinsa ya kai kilo biyar ko fiye. Su ne bougies. Hekta ɗaya na cin ɗari uku zuwa ɗari huɗu, kowanne kuɗinsa wajen Yuro 10, kuma awa takwas zuwa goma yake ci ya ƙare. Yi lissafi ka ga abin da dare ɗaya ke cin mai gona, sai ka gane dalilin da ya sa ba ya yarda a kunna da wuri. Wajen ƙarfe biyu ko uku na dare waya za ta yi ƙara. Ku fito da fitila ɗaure a goshi, a ba kowa abin kunnawa mai dogon baki, ku bi layi kuna cire murfi kuna cinna wuta. Sau da yawa ana fara kunna ɗaya a tsallake ɗaya, a fara daga ƙasan gangare, idan ma'auni ya ci gaba da sauka a dawo a kunna sauran. Ciyawa na ƙara a ƙarƙashin takalmi saboda ta daskare, hayaƙi na shiga ido, yatsu su sandare har murfin gwangwani ya gagare ka. Duk wannan wahalar digiri biyu ko uku ake nema a ƙara, kuma sau da yawa su ne ke ceton shekarar. Da rana ta fito aka ga ma'auni ya hau, sai a bi a rufe gwangwanayen don a ajiye ragowar kakin ga daren gobe.

A wasu gonakin da ruwa ake yaƙin, kuma wannan shi ya fi ba baƙo mamaki. Ana buɗe famfunan feshi tsakar dare, ruwa ya yi ta sauka a kan furanni yana daskarewa, da safe ka tarar da kowane reshe sanye da ƙanƙara. Ruwa idan yana daskarewa yana sakin ɗan ɗumi, muddin ana ci gaba da zuba sabo, furen da ke ciki ba ya sauka ƙasa da sifili sosai. Sharaɗin shi ne kada feshin ya tsaya har sai ƙanƙarar ta fara narkewa da kanta. Idan aka ba ka gadin inji ko aka ce ka duba bakin famfon da ya toshe, ka riƙe amanar nan da hannu biyu, kada ka kashe komai don ka ga gari ya waye, sai mai gona ya ce a kashe. Feshin da aka yanke a tsakiya ya fi rashin feshi ɓarna. Akwai kuma manyan fankoki a kan dogayen turaku, masu janyo iskar sama mai ɗan ɗumi su gauraya ta da ta ƙasa. Ƙararsu kamar ta jirgi, kada ka firgita, kada kuma ka matsa kusa.

Da hantsi za ka ga mai gona yana bin layi, ya tsinki fure ko ɗan ƙaramin abiriko, ya tsaga da farce ko 'yar wuƙa. Idan cikin kore ne shar, yana da rai. Idan ya yi ruwan ƙasa ko baƙi, ya mutu, ko da daga waje yana da kyau. Zai tsaga goma, ashirin, yana ƙirgawa a zuci. A wannan lokacin kada ka dame shi da maganar hutu ko canjin ɗaki. Ka ce masa bon courage, shi ne sannunsu, kuma suna jin daɗinsa. Mu da muka taso a gidan noma mun san abin da ke zuciyar mutum idan ya tsaya a kan gonar da ta lalace.

Tausayi kuma bai hana ka kula da haƙƙinka ba. Aikin dare aiki ne. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ƙarfe nawa ka fito, ƙarfe nawa ka koma, ka gwada da takardar albashi a ƙarshen wata. Doka ta wajabta wa mai gona ya yi maka rajista a MSA, asusun lafiya da fansho na ma'aikatan gona, kafin ka fara aiki, kuma da wannan rajistar ce za a kula da kai idan wuta ta ƙone ka ko ka zame a kan ƙanƙara. Mafi ƙarancin lada, SMIC, a 2025 Yuro 11.88 ne a awa kafin a cire kuɗaɗen asusu, kuma ana sabunta shi. Ka yi hattara da 'yan tsakiya masu kwasar mutane a mota ba takarda. A 2023 an gano ma'aikata sama da 50, yawancinsu 'yan Afirka ta Yamma, an cusa su a wani kangon gida a yankin Champagne lokacin girbin inabi, kuma a 2025 kotu ta ɗaure waɗanda suka yi hakan. Maganar aiki a gonar inabin da ake yin giya da shi kuwa, wannan ka kai ta wurin malamin da ka amince da shi tun kafin ka sa hannu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, lambunan tuffa da na kayan miya da gidajen kiwo suna nan da yawa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne daren Afrilu yana taɓa aljihunka na Yuli. Idan fure ya mutu babu aikin rage 'ya'yan itace a watan Mayu, babu tsinka a Yuni da Yuli, mai gonar da ke ɗaukar mutum talatin sai ya ɗauki biyar. Don haka kada ka yi wa mutanen gida alkawarin kuɗin rufin ɗaki ko na ragon layya bisa girbin da bai tsallake watan Mayu ba. Idan sanyi ya buga yankinku, tun a makon nan ka tambayi mai gona gaskiyar magana: aikin zai kai yaushe? Ka duba France Travail, hukumar gwamnati mai taimaka wa masu neman aiki, da ANEFA, ƙungiyar da ke tallata guraben aikin gona, ka tambayi 'yan'uwa da ke wasu yankuna, domin sanyin ba ya cin ko'ina daidai. Wanda ya jira sai Yuni zai tarar an cike gurbi.

Sutura kuwa, riguna uku marasa kauri sun fi babbar riga ɗaya, don da rana ta hau za ka riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ta jikin fata kada ta zama ta auduga, tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu kashi biyu, safar ulu, takalmin da ruwa ba ya shiga. Wajen kunna wuta ka guji rigar leda mai saurin kamawa. Ka cika fulas da shayi, wani kuma da ruwan ɗumi na alwala. Agogo ma yana canjawa: ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura shi gaba da awa ɗaya, daga nan Faransa ta riga Nijar da Najeriya da awa guda har ƙarshen Oktoba, sai ka gyara lokacin salla da na kiran gida.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka don Allah. Kada ka taɓa shigar da garwashi ko gawayi ko murhun gasa nama cikin ɗaki don jin ɗumi, yadda muke yi da kasko lokacin hunturu. Ɗakunan nan a toshe suke ruf, tagogi ba sa shigar da iska. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane wajen ɗari a Faransa kowace shekara, da yawansu a cikin barci. Haka janareta, haka barin murhun gas a kunne duk dare. Idan ku biyu ko uku a ɗaki ɗaya kuka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, ku buɗe tagogi ku fita waje, ku kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 15 ko 18. Idan na'urar ɗumama ɗakin da aka ba ku ba ta aiki, ku gaya wa mai gona a ranar, gyaranta a kansa yake.

Ke ma 'yar'uwa, ko kai da ka samu ɗan fili a bayan gida kana ɗokin shuka irin kuɓewa da yakuwa da attaruhun da ka zo da su, ku yi haƙuri tukuna. Maƙwabta za su ce ku jira Saints de glace su wuce, wato 11 da 12 da 13 ga Mayu, kwanakin da al'adar manoman nan ta ɗauka a matsayin ƙarshen haɗarin sanyi. Ba kowace shekara lissafin ke cika daidai ba, kuma a kan tsaunuka sanyi kan wuce haka, amma wanda ya bi shi ba ya yawan asara. Ku fara shukar a ƙananan tukwane a bakin taga tun Afrilu. Albasa da karas da salak da dankalin Turawa suna iya shiga ƙasa da wuri, sai dai a rufe ganyen dankalin da farin mayafin da ake sayarwa a shagunan kayan lambu duk daren da sama ta yi garau. Tumatir da barkono su fita bayan tsakiyar Mayu. Kuɓewa ta fi kowa son zafi, ita sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a jikin bangon da ke fuskantar kudu, a arewacin ƙasar kuwa sai a cikin rumfar leda.