Babi na Shida: Yadda Ake Ɗaura Tirela a Bayan Mota

Darasi na 1: Sanin kayan aiki

Sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na masu akori-kura ne da ke jan ƙaramar tirela don kwasar amfanin gona, ko janareta, ko tankin ruwa. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba kada ya damu, lambobi kawai zai duba, kuma lambobi mun riga mun iya su.

Zagaya bayan motar ka tsuguna. Za ka ga ƙarfe mai dunƙulallen kai. Shi za mu riƙa kira ƙwallo. A bakin tirela kuma akwai ƙarfe mai rami ta ƙasa wanda ke kifuwa a kan ƙwallon. Shi ne hula. A saman hular akwai hannu na kullewa. Kusa da ita akwai jak mai ɗaga bakin tirela, da sarƙa biyu, da wayar fitila.

Goge ƙwallon da tsumma ka nemi lambarsa. Motocin da ke zuwa daga Turai, waɗanda muke cewa Beljiyam, ƙwallonsu milimita 50 ne. Na Amurka da inci ake auna su: 1 7/8, ko 2, ko 2 5/16. Lambar da ke jikin hula dole ta zo daidai da ta ƙwallo. Kada wani ya ce maka "ai kusan ɗaya ne". Hular da ta yi wa ƙwallo yawa, ramin farko da ke hanya zai cire ta.

Darasi na 2: Kullewa

A nan mutane suka fi tuntuɓe, saboda haka za mu tafi a hankali.

Tare tayoyin tirela da dutse gaba da baya. Murɗa jak har hula ta fi ƙwallo tsawo. Direba ya yi ribas sannu sannu, mai yi masa nuni ya tsaya gefe, kada ya kuskura ya shiga tsakanin mota da tirela. In ƙwallo ya zo daidai ƙarƙashin hula, a ja birkin hannu. Buɗe hannun hular, ka sauke jak har ta haɗiye ƙwallon gaba ɗaya. Rufe hannun. Zura fil, wato siririn ƙarfen da ke hana hannun buɗewa, a raminsa.

Ba ka gama ba. Sake murɗa jak ɗin ya ɗaga sama. Idan bayan mota ya ɗago tare da tirela, ta kama. Idan hula ta tashi ita kaɗai ta bar ƙwallo, ba ta kama ba, sai a koma farko.

Me ya sa muke wannan gwaji? A cikin hular akwai wani ɗan harshe na ƙarfe da ya kamata ya shiga ƙarƙashin ƙwallon ya riƙe shi. Wani lokaci sai ya zauna a samansa, kuma hannun ya rufu lafiya lau. Daga waje ido ba ya bambancewa. Jak ne ke faɗin gaskiya. Don haka: rufe, sa fil, ɗaga jak. Bayan mota ya ɗago? To, madalla. Wanda bai samu ba a karon farko, ba abin kunya ba ne, ya buɗe ya sake.

Amma fa ina ganin masu rufe hannu su karkaɗe riga su nufi sitiyari. Haba jama'a! Gwajin da bai kai minti ɗaya ba shi ne ya gagare ku? Tirelar da ta kwance a gangara ba ta tambayar ko ɗan wa ke gabanta. Ko yaronka ne ya ɗaura, ko kai ne da kanka ka ɗaura jiya, ɗaga jak. In ka tabbata ta kama, sai ka naɗe jak ɗin har ƙarshe don kada ya taɓa ƙasa, ka cire duwatsun.

Darasi na 3: Lodi

Ka lura da inda tayoyin tirela suke. Kaya mai nauyi gaban tayoyin ake sa shi, wato ɓangaren da ke kusa da mota. In buhun masara 10 ne, 6 a gaba, 4 a baya, a shimfiɗe su ƙasa ƙasa, a ɗaure da igiya. Abin da ake so, kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin ya danna ƙwallo: tirela da kayanta in sun kai kilo 1,000, kimanin kilo 100 ke nan, muddin bai wuce lambar da aka rubuta a jikin ƙarfen da ke ɗauke da ƙwallon ba. Nauyi in ya koma baya, bakin tirela yakan yi sama, sai ta fara lilo da zarar an ƙara gudu. In ya yi yawa a gaba kuma, gaban mota ya yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana.

Koma nesa kaɗan ka duba: tirela ta tsaya miƙe, ba ta duƙa ba, ba ta ɗaga kai ba. A Amurka masu jan manyan tirelolin nan da ake kwana a ciki har wasu sandunan ƙarfe suke ƙarawa masu maida nauyi kan tayoyin gaban mota. Ƙaramar tirela ba ta buƙatarsu. Wadda ba ta da birkin kanta kuwa, a Turai ba a yarda ta wuce kilo 750 har da kaya. Ku ma ku riƙe wannan.

Bayan lodi, leƙa hula da fil kuma.

Darasi na 4: Sarƙa da fitila

Gitta sarƙoƙin a ƙarƙashin hula, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don in hula ta fita su tallafe ta. Kada su ja ƙasa, kada su yi tauri a kwana. Jona wayar fitila. Wani ya tsaya baya, a taka birki, a sa sigina. Duba iskar taya.

Darasi na 5: Idan ta fara lilo

Kada ka danna birki da ƙarfi. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari miƙe har ta natsu. Sauka gefen titi ka matsar da kaya gaba.

Aikin gida: kowa ya rubuto lambar ƙwallon motarsa da ta hular tirelarsa, ya kuma yi gwajin jak sau uku kafin zama na gaba.