Yadda za ka gangaro daga tsaunin Mambila da keke mai kaya

Hawan Mambila ƙarfi yake ci, amma gangarowa daga Maisamari zuwa Mayo Selbe ita ce mai haɗari.

Tun kana sama ka duba birki. Idan robar ta cinye, canza ta. Sannan ka ɗaure kaya tamau, masu nauyi a ƙasa.

Da ka fara gangara, ja jikinka baya a kan sirdi. Matsa birkin gaba da na baya tare, ka saki, ka sake matsawa. Kada ka riƙe shi ba saki, wili zai yi zafi har taya ta fashe. Rage gudu kafin ka shiga kwana, domin manyan motoci kan shigo hannunka.

Jefi-jefi tsaya ka taɓa wilin, in ya ɗau zafi jira ya huce. Idan hazo ya rufe hanya, sauka ka tura.