Yadda Ake Ta'aziyya Idan Makokin na Gari Guda Ne

Ranar Lahadi 29 ga Nuwamba, 2020, mutanen Zabarmari a Jihar Borno sun jera gawarwaki 43 suka yi musu salla, dukkansu manoman shinkafa da 'yan Boko Haram suka kashe a gonakin Koshebe ranar Asabar. Irin wannan rashi ya sha bamban da mutuwar gida ɗaya, domin maƙwabcin da ya saba kawo tabarma da kunu shi ma ɗansa yana cikin likkafani, kuma babu wanda ya rage da zai rarrashi wani. Nauyin rarrashi ya koma kan na nesa, kuma akwai yadda ake ɗaukarsa.

Da farko ka kame hannunka daga wayarka. Hoton gawar da ake yaɗawa a WhatsApp mijin wata ne, kuma bai kamata ta fara ganinsa a haka ba.

Idan ka isa wurin zaman makoki, ka ce "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansu," sannan ka zauna ka yi shiru. A nan da yawanmu muke kuskure, domin zuciya tana son ta gano dalilin abin da ya faru, sai baki ya shiga lissafin laifin gwamnati da na jami'an tsaro a gaban dattijon da ya binne 'ya'ya biyu da safe. Neman adalci wajibi ne, amma yana da ranarsa. Kada kuma ka tsawata wa mai kuka, domin Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Ka zo da abinci dafaffe, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su dafa wa iyalan Ja'afar ɗan Abi Ɗalib bayan ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, kada ka zama baƙon da masu makoki za su hura wa wuta.

Jama'a sukan watse bayan kwana uku, alhali matar da ta shiga takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta, ga marayu, ga amfanin gona da ba a girbe ba. Ka zaɓi gida guda ka san sunayen yaransa, ka koma bayan arba'in da kwanon masara, ka tambayi wanda ke biya musu kuɗin makaranta yanzu.