Yadda za ka shirya hawan dutsen Tubkal kai da ƙaninka

Tubkal dai a Maroko yake, tsayinsa mita 4,167, duk arewacin Afirka babu wanda ya kai shi.

Da farko ku sa rana a watan Yuni, lokacin yawancin ƙanƙarar ta narke. In kun je Afrilu sai kun ɗaura ƙarafa a ƙasan takalmi, wahala ce kawai.

Sai ka zaunar da ƙanin naka ka tambaye shi tsakani da Allah zai iya tafiyar awa biyar ko shida a hawa? Nawa cewa ya yi "Yaya ai ni ɗan ƙwallo ne", wallahi ko rabin hanya bamu kai ba ya fara haki yana neman alfadari ya ɗauke shi. Don haka ku fara atisaye tun wata guda kafin tafiya, jaka a baya, kuma da takalmin da za ku hau da shi, sabon takalmi ƙafa yake ci.

Na uku ku nemi ɗan jagora, dole ne yanzu, kuma ku riƙe fasfo a hannu ana dubawa a hanya.

Daga Marrakesh mota za ta kai ku ƙauyen Imlil, daga nan sai ƙafa har masaukin da ke wajen mita 3,200, ku kama gado tun kafin ku zo. Ku kwana, kafin asuba ku tashi ku nufi ƙololuwar dutsen da tocilan a goshi da rigar sanyi mai kauri, ruwa da dabino a aljihun jaka. In kan ƙanin naka ya fara sarawa yana jin amai, ku sauko kawai kar ka biye masa.