Yadda ake bayyana wa kwamfuta matsala har ta tsara mafita da kanta

Akwai tsohon wasan ƙwaƙwalwa: mutum zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalensa kuma ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. Da wannan wasa za mu gwada STRIPS, wani tsarin bayyana wa kwamfuta matsala, wanda Richard Fikes da Nils Nilsson suka fito da shi a 1971 a cibiyar bincike ta SRI da ke Amurka, domin wani mutum-mutumi mai suna Shakey.

Da farko ka lissafa abubuwan da ke cikin matsalar: mutum, kura, akuya, harawa, gaɓar gabas da ta yamma. Launin akuyar da zurfin ruwan, ka bar su.

Sai ka rubuta halin da ake ciki cikin gajerun jimloli, kowace ko gaskiya ko ƙarya, kamar "akuya tana gabas". Duk abin da ba ka rubuta ba, kwamfuta ƙarya take ɗaukarsa. Burin ma haka za ka rubuta shi: duka huɗun suna yamma.

Babban aikin yana wajen bayyana motsi. Kowane motsi yana da sharaɗinsa, da abin da yake ƙarawa, da abin da yake gogewa. Ɗauki ƙetarar da akuya. Sharaɗin shi ne mutum da akuya suna gabas. Bayan motsin a ƙara "suna yamma", a goge "suna gabas". A wannan gogewar masu koyo suka fi tuntuɓe. In ka manta da ita, kwamfuta za ta yarda akuya ɗaya tana gaɓa biyu lokaci guda, ta miƙo maka mafitar da ba ta aikuwa. Ba ta kuma san kura na cin akuya ba, ko akuya na cin harawa, sai ka sa a sharaɗi cewa ba a tafiya a bar su su biyu.

Daga nan ka juya komai zuwa PDDL, harshen rubuta wa kwamfuta irin waɗannan matsaloli da Drew McDermott da abokan aikinsa suka tsara a 1998. Fayil biyu ake yi, ɗaya na dokoki, ɗaya na farawa da buri. Ka miƙa su ga manhajar tsara mafita irin su Fast Downward.

Halaye 16 ne kacal a wannan wasa, 10 daga ciki ne babu ɓarna. Idan rubutunka ya yi daidai za ka ga ƙetarawa 7, ta huɗu kuwa ita ce komawa da akuyar gabas, dabarar da ba ka faɗa wa kwamfutar ba.