Yadda ƙungiyar mata ko ta unguwa za ta nemi tallafin kula da masu ciki da ƙananan yara a jihar Maradi

Kafin a rubuta ko da layi ɗaya, a fara tantance abin da gwamnati ta riga ta ɗauki nauyinsa. Tun shekarar 2006 awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnatin Nijar, haka ma tiyatar fid da jariri. To ƙungiyar da ta nemi kuɗin "biya wa mata awon ciki" ta nuna ba ta san fagen ba, kuma dosiyenta ba zai yi nisa ba. Giɓin yana wani wuri: abin hawan da zai kai mai naƙuda daga ƙauye zuwa CSI, wato cibiyar kiwon lafiya ta yanki, cikin dare, bin sawun matan da suka zo awo sau ɗaya suka ɓace, koya wa uwaye dama kunun gero da ƙuli-ƙuli da wake, da gano tamowa tun ba ta yi tsanani ba. Nan ake neman kuɗi.

Takardu su ne na farko. Ana buƙatar takardar izinin ƙungiya, dokokinta na cikin gida, rahoton taron da aka zaɓi shugabanni, da asusun banki ko na gidan ajiya da sunan ƙungiyar, mai sa hannun mutum biyu ko uku. Asusun shugaba na kansa ba ya shiga. Ƙananan ƙungiyoyin mata daga ma'aikatar magajin gari suke samun izini, ONG kuwa, wato babbar ƙungiya mai zaman kanta, sai ta bi ta ma'aikatar cikin gida, kuma masu ba da kuɗi da yawa suna tambayar lambar haraji ta NIF. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin adashen da ya samo asali nan Maradi a 1991, suna da wata riba: littafin zubinsu shaida ne cewa sun iya riƙon kuɗi. A haɗa kwafinsa.

Daga nan sai wajen manjo, wato shugaban CSI ɗinku. A roƙe shi alƙaluman rajista na watanni 12: mata nawa suka zo awon farko, nawa suka kai na huɗu, nawa suka haihu a likita, yara nawa aka tura cibiyoyin jinyar tamowa mai tsanani, CRENAS (a je a dawo gida) ko CRENI (a kwantar). Tazarar da ke tsakanin awon farko da na huɗu ita ce hujjarku mafi ƙarfi, domin macen da ta daina zuwa ta rasa ƙwayar ƙarin jini da maganin SP na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake son ta sha aƙalla sau 3, da tazarar wata guda. Kada ku ƙirƙiro lamba. Babban likitan gunduma, ko a Madarunfa ne ko Dakoro ko Tasawa, yana da nasa lissafin, zai gwada da naku. A nemi takardar goyon bayansa, sannan a duba ko aikin ya dace da tsarin raya ƙaramar hukuma, PDC. Abin da ba ya cikin PDC da tsarin aikin gunduma na shekara da wuya kuɗin gwamnati ya bi ta kansa, ko na ma'aikatar magajin gari ne ko na manyan shirye-shirye irin Lafia-Iyali da Bankin Duniya ya tallafa a Maradi da Damagaram.

Kasafi shi ne inda aka fi faɗuwa. Kowane layi ya nuna yawa, farashin ɗaya, da jimla. Misali, ƙauye 6, masu faɗakarwa 2 a kowanne, wata 12, sai a ninka da kuɗin man babur na wata. Haka za a lissafa zaren awon dantsen yaro don gano tamowa, ɗaya ga kowace uwa, tare da koya mata karanta shi: ja yana ƙasa da milimita 115, ruwan ɗorawa daga 115 zuwa ƙasa da 125, kuma ja ko kumburin ƙafa biyu ba a kwana da shi a gida. Gudummawarku ma a ba ta farashi, ko da rumfar taro ce ko tiyar gero daga kowace mamba. Kuɗin zama da abincin taro idan suka rinjayi na aikin kansa, mai dubawa zai gane.

A kula da lokaci. Kasafin ƙaramar hukuma kafin ƙarshen shekara ake tsara shi, don haka a kai buƙata tun wajen kaka. Aikin kuma a jera shi yadda zai kama damina, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi da tamowa ke haɗuwa, rumbuna sun yi ƙasa, hanyoyin ƙauye sun yanke.

Idan kuɗi suka fito, kashi-kashi suke zuwa, kuma kashi na biyu ba ya fita sai an ba da lissafin na farko. Kowace sayayya da rasit mai kwanan wata da hatimi; mai amalanke ko ɗan kabu-kabun da ba shi da rasit ya dangwala yatsa a takardar karɓar kuɗi. Kada a ɗebi kuɗin wani layi a toshe wani ba tare da rubutaccen izini ba, ko da buƙatar ta gaggawa ce, domin masu bincike za su ce a mayar. Magatakarda ya rubuta komai a ranar da aka yi shi, manjo kuma ya sa hannu a rahoton kowane wata uku.